Asuwaki da masu gadin da ke cikin jininka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah Maɗaukaki yana cewa a Suratuz Zariyat, aya ta 21: "Kuma a cikin kawunanku, shin ba kwa gani ne?" To mu duba jini kawai.

Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da likitoci ke kira filatilet. A ɓargo ake yin su, ba sa wuce kwana 7 zuwa 10 suke mutuwa, wasu su maye gurbinsu. A ɗigon jinin da bai fi kan allura ba akwai 150,000 zuwa 450,000. Su ne ke taruwa su toshe rauni idan wuƙa ta yanke ki wajen yanka albasa. Kuma ba nan aikinsu ya tsaya ba: suna gane bakteriya, wato ƙwayar cuta, idan ta shigo, su manne mata, su zuba mata sinadarin da ke kashe ta, su kira fararen ƙwayoyin jini su kawo ɗauki. Kana barci ake wannan yaƙin, ba ka biya ko kwabo ba. Subhanallah!

Amma ga abin tsoro. A bakinmu akwai bakteriya irin su Streptococcus sanguinis. Idan dauɗa ta taru a haƙora, dasashi ya kumbura yana fitar da jini, ko da tauna abinci ma na iya tura su cikin jijiyar jini. Wasunsu sun iya kama filatilet su lulluɓe kansu da su, sai mai gadi ya zama mayafin ɓarawo. Idan bawul ɗin zuciya, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, yana da tabo, can suke maƙalewa su yi curi, su haifar da ciwon da ake shafe mako 4 zuwa 6 ana allurai, wani lokacin har da tiyata.

Shi ya sa nake jin nauyin hadisin Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya ce ba don gudun tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da asuwaki a kowace sallah. Muna yi ne don bin sunna, lada muke nema, ga kuma lafiya a ciki. Abin takaici, sai mutum ya ga ja-ja a asuwakinsa kullum ya tofar ya wuce, ya ce ai zafi ne.

Don Allah, mai irin wannan ya ga likitan haƙori. Wanda kuma aka taɓa gaya masa yana da matsalar bawul ɗin zuciya, ya faɗa kafin a cire masa haƙori, kuma idan zazzaɓi ya ƙi sauka kada ya tsaya a kemis, ya tafi asibiti a gwada jininsa.