Takardar Kwamitin Sulhu ba ta tare harsashi a El Fasher ba

Ɗan maƙwabcinmu yana cikin ɗaliban da aka kwaso daga Khartoum a 2023, bayan faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu tsakanin sojojin Sudan na Janar Burhan da dakarun sa-kai na RSF ƙarƙashin Hemedti. Kwana da kwanaki suka yi a bakin iyakar Masar, rana na dukansu, kafin a bar motocinsu su wuce. Jaka ɗaya ya dawo da ita. Har yau in aka ambaci Sudan a majalisarmu ta ƙofar masallaci, sai ya yi shiru. Shi dai yana da ƙasar da ta turo masa bas. Mutanen Darfur fa, wa zai turo musu?

A watan Yunin 2024 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2736, yana umartar RSF ta janye ƙawanyar da ta yi wa El Fasher, babban birnin Darfur ta Arewa. Wata biyu bai cika ba aka tabbatar da yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam, ɗan taƙi kaɗan daga garin. Ƙawanyar ba ta sassauta ba har garin ya faɗa hannun RSF a ƙarshen Oktoban 2025. Abin da ya biyo baya, wanda ya ga hotunan ba sai an ba shi labari ba.

Kuma fa tun 2004 akwai takunkumin shigar da makamai Darfur. To, jirage marasa matuƙa da ake ɓarin wuta da su, daga sama suka faɗo? Ƙwararrun Majalisar da kansu sun ce akwai ƙamshin gaskiya a zargin da ake wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na kai wa RSF makamai ta Chadi. Daular ta musanta. Kasuwanci ya ci gaba.

A Nuwamban 2024 Birtaniya da Saliyo suka kawo daftarin neman tsagaita wuta. Ƙasashe 14 suka amince, Rasha ta hau kujerar naƙi, magana ta mutu. Kada masu ƙin Rasha su yi murna, Amurka ma haka ta yi ta yi kan Gaza.

Shi ya sa ban yi tafi ba da Amurka ta ce a 2024 ta yarda a ba Afirka kujeru biyu na dindindin a Kwamitin Sulhu, amma ba ikon naƙi. Wannan ai a kira ka walima ne a ce ba naka ba ne sa hannu a akushi. Tun 2005 a taron Ezulwini na ƙasar Eswatini Afirka ta ce kujeru biyu take so da cikakken iko, kuma ban ga dalilin rage farashi ba.

Amma gaskiya, haushina ya fi yawa a kan namu. Tarayyar Afirka ta dakatar da Sudan bayan juyin mulkin 2021, sannan sai taro da sanarwa. Mu kuma a nan Arewa kamar Sudan wata duniya ce, alhali ta nan kakanninmu suka bi a ƙafa zuwa Hajji, kuma bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 mutanen Sarkin Musulmi Attahiru can suka yada zango suka kafa Mai Wurno. Jikokinsu na jihar Sennar, inda yaƙin nan ya kai. Yaushe rabon da ka ji limaminku ya sa su a alƙunutu?