Kafin a miƙa wa mutum alli

Jama'ar Maraɗi, in malama ta tafi hutun haihuwa a lakwal ɗin unguwarku, wa ke riƙe ajinta? Ku tambayi 'ya'yanku. Ko dai darakta ya haɗe aji biyu cikin rumfar kara ɗaya, ko a samo wani mai takardar BEPC, shaidar gama ƙaramar sakandare, da ke zaune gida a ce ya riƙe su. Riƙon kuwa shi ne ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, a tsayar da babbansu yana rubuta sunayen masu surutu har a tashi.

Abin ya daɗe. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara cike gurbi da 'yan sa-kai, daga baya malaman kwantaragi, har suka fi malaman dindindin yawa a firamare. Da yawansu ba su taɓa zama a ENI ba, makarantar horon malamai. A 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, aka yi musu jarrabawa, aka sallami dubbai. To madalla, amma wa ya ɗauke su tun farko?

Ni a ganina, duk gyaran da za a yi wa LOSEN, dokar ilimi ta 1998, a rubuta ƙarara: ba wanda zai tsaya gaban yara, ko na wata guda ne, sai ya samu horo kuma ya zauna bayan ajin gogaggen malami ya ga yadda ake yi. Masu cewa a ɗaga sharaɗin ɗaukar malami zuwa bak, shaidar gama babbar sakandare, ba su yi laifi ba, sai dai bak ba ta koya wa mutum aikin ajin CI, ajin farko na firamare. Yaro ɗan shekara bakwai ya zo daga Tibiri ko Madarunfa, Hausa kaɗai ke bakinsa, yana riƙe alli kamar zai yi sakwara, kai kuma za ka sa shi ya bambance b da d cikin Faransanci. Wannan sana'a ce, koyonta ake yi.

Kowane ofishin sufeto ya kamata ya ajiye jerin horarrun masu maye gurbi da zai kira ranar da aji ya zama babu kowa. A kuma biya su kan lokaci, don Allah. Wanda albashinsa ke makara, kabu-kabu zai koma kafin malamar ta dawo.