Iyakar Ikon Shugaban Gasar Ƙananan Jiragen Sama

Mutane da dama suna ɗauka cewa shugaban gasar ƙananan jiragen sama, waɗanda ake sarrafawa daga nesa, yana iya sassauta kowace ƙa'ida, tunda shi ke jagorantar filin. Ba haka abin yake ba. A Amurka, ƙungiyar masu wasan ƙananan jiragen sama, wato AMA, mai hedikwata a Muncie ta jihar Indiana ta ba shi ikon tsaurarawa ne, misali ya hana jirgin da fiffikensa ya tsage tashi, ko da mai shi bai yarda ba. Amma ba shi da hurumin halatta shawagi a kan 'yan kallo, domin ƙa'idojin kariya na ƙungiyar da dokokin FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, suna sama da shi, kuma shi ma suna hawa kansa.