Gadar da za ta kai shekara 80, gwamnatin da za ta yi shekara 4

Jama'a, akwai wani lissafi da ba kasafai ake kawo shi ba idan ana maganar manyan ayyuka. Kowace gada, kowace madatsar ruwa, har kwalbatin da ke ƙarƙashin titi, kafin a zuba siminti sai injiniya ya ɗauko kundin ruwan saman da aka auna a yankin shekaru da dama, ya duba mafi girman ruwan da ake sa ran zai zo, sannan ya yanke faɗi da tsayi. Sau da yawa ana auna aikin da abin da suke kira ambaliyar sau ɗaya a shekara 100. Wasu na ɗauka in ta zo bana, shi ke nan sai zamanin jikoki. Ina! Nufin shi ne a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo. In ka tara shekara 30, yiwuwar ta haura ɗaya cikin huɗu.

To kuma shi kansa kundin na jiya ne. Duk lokacin da ɗumin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100, kuma abin da ta riƙe sai ta sauke. A watan Yulin 2021, birnin Zhengzhou na Sin ya sha ruwan da ya kai milimita 200 cikin awa ɗaya, har ya cika ramin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da fasinjoji a ciki. Babu magudanar da aka zana da tsohon lissafi da za ta haɗiye wannan.

Ra'ayina shi ne, matsalar ta fi ƙarfin injiniya. Gada ana gina ta don shekara 50 ko 80, wanda ya ba da kwangilarta kuwa wa'adinsa shekara 4 ko 5. Abin da zai iya ƙaddamarwa da kansa, a ɗauki hoto, a kafa allo da sunansa, shi yake samun kuɗi. Yashe lambatu, liƙe tsagar madatsa, albashin mai duba ƙofofin dam, hana a yanka filaye a fadama, waɗannan ba mai yi musu biki, don haka su ake fara zaftarewa idan kasafi ya matse.

Ku duba Darna a Libiya. Madatsun ruwa biyu ne a saman garin, an gina su tun shekarun 1970. An daɗe da sanin sun tsattsage, har wani malamin jami'a na ƙasar ya wallafa gargaɗi a 2022 cewa in aka yi babban ruwa ba a gyara su ba, mutanen kwarin na cikin haɗari. A watan Satumban 2023 guguwar Daniel ta iso. Cikin dare madatsar sama ta ɓalle, ruwanta ya tarar da ta ƙasa ya tafi da ita, ya share unguwanni sukutum zuwa cikin teku. An tabbatar da mutuwar fiye da mutum 4,000, dubbai kuma ba a sake ganinsu ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƙasar da na fi so mu yi nazarinta ita ce Holan, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar ke ƙasa da tsayin teku. A daren 31 ga Janairun 1953 teku ta fasa jingoginsu, mutum 1,836 suka mutu. Daga nan suka tsara jerin manyan katangu da ƙofofin tare teku, aikin da bai kammala ba sai 1997. Ku ƙirga gwamnatoci nawa suka zo suka tafi a tsakani, ba wadda ta ce wannan aikin magabata ne, ni zan fara nawa.

Sai dai abin da ya fi burge ni ya zo ne daga baya. A 1995 koguna suka cika har aka kwashe mutum kusan 250,000 don tsoron jinga ta fashe. Mutanen da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna ƙara wa jinga tsayi suka zauna suka ce wannan hanyar ta kai ƙarshenta, domin gwargwadon yadda ka matse kogi, gwargwadon ɓarnar da zai yi ran da ya samu kafa. Suka ƙirƙiro shirin bai wa kogi fili a wurare fiye da 30. A birnin Nijmegen, inda kogin Waal ke yin kwana a matse, sun ja jingar baya da mita 350, suka haƙa sabon reshe, aka samu tsibiri a tsakiya. An tashi gidajen mutane, an biya su, kuma ba kowa ya ji daɗi ba. Yau da rani wurin shaƙatawa ne, idan kogi ya kumbura ya samu inda zai kwanta. A 2012 suka ɗaure lamarin da doka: asusu na musamman da ake zuba wa sama da yuro biliyan 1 duk shekara, da kwamishina guda wanda aikinsa kawai ya kawo shirin kowace shekara, a kai wa majalisa tare da kasafin kuɗi.

Wannan shi ne inda nake ganin masu tsara ƙasa da yawa ke kuskure. Suna lissafa kankare da rodi a matsayin kadara, dausayi da kurmi kuwa fili ne da ba a yi komai da shi ba tukuna. Alhali dausayi tanki ne da ba wanda ya biya kuɗin gininsa. Birnin New York na Amurka, da ya ga za a tilasta masa gina katafariyar matatar ruwan sha, sai ya ƙulla yarjejeniya a 1997 da garuruwan tsaunukan Catskill, ya sayi filaye, ya tallafa wa manoma su hana ƙazanta shiga rafuka. Har yau mafi yawan ruwan da birnin ke sha ba ya bi ta matatar tacewa.

Na san wani zai ce, malam, waɗannan masu kuɗi ne. Gaskiya ne, ba kowace ƙasa ke da biliyan na ajiyewa ba. Amma Bangaladash fa? Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 kusan 138,000. Suka duƙufa gina mafaka masu hawa a bakin teku, waɗanda sauran lokaci makarantu ne, suka horar da dubban 'yan sa-kai masu zagayawa da lasifika. Da guguwar Sidr ta zo a 2007 da ƙarfi irin na da, waɗanda suka mutu dubu uku da ɗoriya ne. Har yanzu rai ne mai yawa, amma ku kwatanta. Haka manoman kudancin Nijar, tun shekarun 1980 suka daina sare tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, suna sassabe shi suna barin masu ƙarfi, har aka farfaɗo da ƙasa kusan hekta miliyan 5 ba tare da wata babbar kwangila ba.

Kuma mafi arhar mataki bai buƙatar ko buhun siminti: kada a ba da izinin gini a kan hanyar ruwa. Tun ran gini tun ran zane. Asibiti, tashar lantarki ko rukunin gidaje, da zarar an kafa su a fadama, an ɗaura wa ƙasa bashin kare su na shekara 100.

Da ni ke rubuta doka, da na fara da abu ɗaya mai sauƙi. Kowace madatsa da kowace babbar gada a ƙasa ta shiga rajistar da kowa zai iya buɗewa a wayarsa: shekarar da aka gina ta, girman ruwan da aka zana ta da shi, ranar da aka duba ta na ƙarshe, sunan ofishin da ya duba, da abin da aka ware na gyara a kasafin bana. Duk wadda ta wuce shekara biyu ba a duba ba, ma'aikatar da ke riƙe da ita ba za a sake mata kuɗin sabon aiki ba sai ta je ta duba.