Samarin zango, ku riƙa buɗe labari kafin ku tura

Assalamu alaikum ƙannena na Nima da Mamobi da Sabon Zango a nan Accra. Abin da ya sa nake wannan magana a gidanmu ya faru.

Ɗan ƙanwata yana koyon gyaran waya a kasuwar waya ta Circle, shekara biyu ke nan. Wata safiya ina zaune wurin mai koko ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, duba nan. AI za ta cinye ayyuka miliyan 300. To wahalar me nake sha a gaban maigida?" AI ɗin da yake nufi ita ce ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon tunanin ɗan Adam. A saman labarin ga hoton mutum-mutumi fari fat, idanu jajir. Na ce ya karanta mini abin da ke ciki. Ashe bai ma buɗe ba, kanun kaɗai aka turo musu a WhatsApp.

Wannan adadi daga rahoton bankin Goldman Sachs na Amurka ya fito, a watan Maris na 2023, kuma hasashe ne. Rahoton ya nuna aikin ofis da na lauyoyi ne suka fi shiga haɗari, aikin hannu irin su gini da gyare-gyare kuwa su ne a can ƙasa. Wato labarin da ya kamata ya ƙara wa yaron ƙwarin gwiwa, shi ne ya kusa raba shi da sana'arsa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Tun da ChatGPT, manhajar AI da ake hira da ita a rubuce, ta fito a ƙarshen Nuwamban 2022, ganga biyu kafafen watsa labarai na duniya suke kaɗa mana: wata ta ce ƙirƙirarriyar basira za ta halaka ɗan Adam, wata ta ce ita ce maganin kowace cuta. Tsoro da kwaɗayi ne ke sa a danna labari, su kuma dannawar ce abincinsu. Ban ce duk gargaɗi ƙarya ba ne. Da masanin AI irin Geoffrey Hinton ya bar Google a 2023 ya bayyana fargabarsa, ya cancanci a saurare shi. Amma ku riƙa duba mai magana da hajar da ke hannunsa. Elon Musk ya sa hannu a wasiƙar neman a dakatar da gina manyan manhajojin AI na wata shida a watan Maris na 2023, Yuli na yi sai ga shi ya sanar da nasa kamfanin na AI, mai suna xAI.

Labarin da ya shafe mu kuwa ba ya samun irin wannan kiɗa. A Janairun 2023 mujallar TIME ta fallasa yadda matasa a Nairobi suke wuni suna karanta rubuce-rubucen fyaɗe da kisa domin a koya wa ChatGPT guje wa irin waɗannan kalamai, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. Ƴan uwanmu ne waɗannan, kuma babu hotonsu a gefen farin mutum-mutumin nan. A nan Accra Google ta buɗe cibiyarta ta binciken AI, ta farko a Afirka, tun 2019. Mutum nawa a majalisarku ya taɓa tambayar yadda ake shiga irin wannan wuri?

Mu da aka karantar da mu tun muna makarantar allo cewa in labari ya zo a bincika kafin a yi aiki da shi, bai dace a ce yatsanmu ya riga hankalinmu ba. Ku buɗe labarin, ku karanta har ƙasa, ku ga wa ya faɗa, kuma yaushe. In Turancin ya yi nauyi, ku kai wa wanda ya fi ku.

Yaron dai ya koma bakin aikinsa. Sai dai jiya ya gaya mini abokinsa mai koyon walda ya ga kanun nan, har ya fara maganar bari. Na ce ya kawo mini shi ranar Asabar bayan La'asar.