Bangon da aka fasa mini a gida

Ranar Talata Yaya ya turo mini bidiyo ta WhatsApp daga ƙauyenmu da ke yankin Ringim: samari biyu da guduma suna fasa bangon da na shafe wata bakwai ina aika kuɗinsa. Wai sai da gini ya kai linta sannan birkila ya lura ƙofar banɗaki tana kallon zaure, ramin sokawe kuma zai faɗa taku kaɗan daga rijiya. "Sai haƙuri, ƙanena, haka gini ya gada," in ji Yaya. Bulo, siminti, kuɗin aiki, duk sun bi ruwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da safiyar ranar ina zaune a taro a wurin aikinmu nan Manchester. Makaranta za a gina. Filin ciyawa ce zalla, ko cebur ɗaya ba a haƙa ba, amma ga ginin tsaye cak a babban allon bango. Mai zane, injiniyan ƙarfe, mai famfo, mai wayarin, kowa ya zuba nasa aikin cikin samfuri guda a kwamfuta. BIM suke kiran tsarin, manhajar da muke aiki da ita kuma Revit. Ba hoto ne kawai ba. Taɓa bango, ya faɗa maka kaurinsa da yawan kayan da zai ci. Matsar da taga, sauran zanuka da lissafin kaya su gyara kansu. Wata baiwar Allah, kofin shayinta a hannu, ta latsa wani wuri, sai ga jan launi: bututun iska ya ratsa ta cikin ƙarfen da ke ɗauke da rufi. Cikin minti goma aka sauke bututun ƙasa kaɗan, magana ta ƙare. Har rana suka juya a allon, ga inuwar Disamba ga ta Yuni, don a ga ajin da zai yi duhu. Tun 2016 gwamnatin Birtaniya ta wajabta wannan tsari a ayyukan ginin da take bayarwa.

Na san za a ce mu ma da namu. Gaskiya ne, maginin da ya iya soro da azara ba sa'an kowa ba ne, kuma manhajar akwai tsada, ga rashin wuta. To amma ai mun bar tubali. Bulo muke sawa da rodi da bututun famfo, sannan mu shata harsashi da ƙafa da toka kamar zamanin kakanni. Wanda ya ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa Ringim bai kamata ya bar tsayin fandisho ga "a ƙara layi biyu" ba. Ga yaran da suka karanta zanen gini a BUK da Wudil suna yawo da kwamfuta a jaka, kuɗin bulon da aka fasa mini ya isa ɗayansu ya zauna da birkila yini guda kafin a haƙa komai.

Ko da yake, wa zan ɗora wa laifi? Da na so, a dare biyu zan zana gidan nan da kaina. Nauyin Yaya na ji, kada ya ce yaro ya je Turai ya dawo yana koya masa aiki ta waya. Shekara shida rabona da filin. Ina tuna ranar da marigayi Baba ya auna shi da takunsa, ya tsaya gindin tsamiya ya ce nan zaurena zai kalla. Da daddare na kira Yaya na tambaye shi tsamiyar. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce tun bara aka sare ta, tifa ba ta samun wurin juye yashi.