Wanda tsoro ya kama, agogonsa daban ne

Jama'a, akwai wata ɗabi'a tamu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya tsallake rijiya da baya a hanyar Jibiya ko Batsari, ya iso Katsina jiki na ɓari, ya ce an shafe awa guda ana harbi. Sai wani da ke zaune a majalisa, yana kurɓar shayi, ya ce ai direba ya ce bai wuce minti 10 ba, malam ya cika ƙarin gishiri. Haba! Wallahi ba ƙarya yake yi ba.

A 2007 wani masanin ƙwaƙwalwa, David Eagleman, da abokan aikinsa sun gwada yadda tsoro ke miƙe lokaci a Dallas ta Amurka. Suka riƙa sako mutane daga tsayin mita 31, kusan ninki biyu na Hasumiyar Gobarau, su faɗa cikin raga. Faɗuwar ba ta kai daƙiƙa 3 ba, amma da aka ce su kimanta, sai suka ga tasu ta fi ta wasu daɗewa da kusan kashi 36 cikin 100. An ɗaura musu wata na'ura a hannu mai ƙyafta lambobi da sauri, don a ga ko idonsu zai kama abin da ba ya kamawa da. Bai kama ba. Fassarar masanan ita ce, in tsoro ya zo, ƙwaƙwalwa na tattara komai dalla-dalla, ƙara, ƙura, fuskar wanda ke kusa, sai daga baya yawan abin da aka tuna ya sa lokacin ya miƙe.

Yanzu ma ba sai an jefo kowa ba. Tabarau na VR, wanda ke nuna wa mutum duniyar kwamfuta kamar yana cikinta, ya wadatar. Akwai wasan da ake shimfiɗa katako a ƙasan ɗaki, ka sa tabarau, ka ga kanka a saman bene mai hawa 80. Ka san sarai a ɗaki kake, amma tafin hannu ya jiƙe, gaba na dukan uku-uku, ƙato da gemunsa ya kasa ɗaga ƙafa. Jiki bai san da wasa ba. Shi ya sa masu bincike ke son abin: su auna bugun zuciya da gumin fata, sannan su tambaye ka minti nawa ka yi.

In babu tsoro kuwa, abin juyewa yake. A wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz a 2021, waɗanda suka fara wasa da tabarau sun zarce masu kallon allon kwamfuta da fiye da minti 1 kafin su ji cewa minti 5 ya cika. Iyaye dai su shirya, ranar da wannan kaya ya cika shagunan gem na Kofar Ƙaura, yaron da aka aika sayen magi sai an bi sawu.

Ni damuwata tana wajen masu ɗaukar bayani, 'yan sanda da 'yan jarida da alƙalai. Kada saɓanin mintoci ya sa a watsar da shaidar wanda ya ga tashin hankali da idonsa. A tambaye shi me ya gani, su nawa ne, ta ina suka ɓullo. Lokaci kuwa a duba wayarsa, kiran da ya yi wa gida yana nan a rubuce.